Leonard Matlovich

Leonard Philip Matlovich (6 ga Yuli, 1943 – 22 ga Yuni, 1988) sojan sama ne ɗan ƙasar Amurka wanda ya yi yaƙin Biyetnam. An san shi ne da kai kansa gaban shugabanninsa a shekarar 1975, inda ya bayyana musu cewa shi ɗan luwaɗi ne, da nufin ƙalubalantar ƙa'idar da ta hana irinsu aikin soja. Shari'ar ta ɗauki shekara biyar, ita kuwa maganar ba ta samu warwara a majalisar dokokin ƙasar ba sai shekara 22 bayan mutuwarsa.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Savannah na jihar Jojiya. Mahaifinsa sajan ne a rundunar sojin sama, don haka ya tashi a barikokin soja daban-daban, galibi a kudancin Amurka. Iyayensa mabiya ɗariƙar Katolika ne, amma daga baya shi ya koma cocin Mormon. A siyasa yana da ra'ayin mazan jiya, kuma yana goyon bayan jam'iyyar Rifablikan.

Aikin soja

Ya shiga soja a 1963 yana ɗan shekara 19. Sau uku ana tura shi Biyetnam. A Da Nang ya taka nakiya ya ji mummunan rauni, aka ba shi lambar Purple Heart da ake ba wanda ya jikkata a fagen daga. Ya kuma samu lambar Bronze Star. Da ya dawo gida, an sa shi koyar da sojoji darasin zaman tare tsakanin farare da baƙaƙen fata. Wannan aiki ne ya sa ya fara kwatanta halin da yake ciki da wariyar da yake koyarwa a kai.

A 1974 ya karanta hirar da aka yi da Frank Kameny, wani ɗan fafutuka da ke neman soja mai kyakkyawan tarihin aiki wanda zai yarda a gwada ƙa'idar a kotu da sunansa. Matlovich ya neme shi, suka shirya tare da lauya David Addlestone na ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU.

Sallama da shari'a

Ranar 6 ga Maris, 1975, ya miƙa wa kwamandansa wasiƙa a sansanin Langley da ke jihar Bajiniya. Ranar 8 ga Satumba mujallar Time ta buga hotonsa cikin kayan sarki a bangonta, sunansa ya bazu ko'ina a ƙasar. A lokacin ƙa'idar rundunar ta bar ƙofar riƙe mutum a bakin aiki idan akwai dalili na musamman. An nemi ya sa hannu kan alkawarin ba zai sake kusantar namiji ba, ya ƙi. A watan Oktoba aka sallame shi bayan shekara 12 yana aiki, amma sallamar mutunci aka yi masa. Cocin Mormon ma ta kore shi.

Ya kai ƙara kotun tarayya. A 1976 alƙali Gerhard Gesell ya tabbatar da sallamar. A 1978 kotun ɗaukaka ƙara ta ce rundunar ba ta bayyana dalilin hana shi sassaucin da ta yi wa wasu ba, ta mayar da shari'ar. Da rundunar ta kasa ba da gamsasshen bayani, Gesell ya ba da umarni a watan Satumban 1980 a mayar da shi aiki. Rundunar ta nemi sulhu, shi kuma yana ganin idan aka kai Kotun Ƙoli zai iya faɗuwa, sai ya karɓi dala 160,000 ya bar maganar komawa. A Janairun 1981 ma'aikatar tsaro ta fitar da sabuwar ƙa'ida wadda ta toshe ƙofar sassaucin baki ɗaya.

Ƙarshen rayuwa

Bayan barin soja ya shiga fafutuka a Miami a 1977, da kuma a Kalifoniya a 1978, inda aka kayar da ƙudurin hana 'yan luwaɗi koyarwa a makarantun gwamnati. A 1986 aka gano yana da cutar ƙanjamau. A 1987 an kama shi a zanga-zanga gaban fadar White House kan yadda gwamnatin Ronald Reagan ke tafiyar da lamarin cutar. Ya mutu a West Hollywood yana da shekara 44, aka binne shi a maƙabartar majalisar dokoki da ke Washington.

Taƙaddama a majalisa

Har zuwa mutuwarsa haramcin ƙa'idar ma'aikatar tsaro ce, wadda shugaban ƙasa zai iya sokewa da kansa. Bill Clinton ya yi alkawarin hakan a yaƙin neman zaɓen 1992. Da ya hau mulki, manyan hafsoshi ƙarƙashin Colin Powell suka ƙi, haka ma Sanata Sam Nunn, ɗan jam'iyyarsa ta Dimokurat mai shugabantar kwamitin sojoji a majalisar dattawa. Hujjarsu ita ce canjin zai raunana ɗa'a da haɗin kan mayaƙa. Aka tsaya a tsakiya: ba za a tambayi soja ba, shi ma kada ya faɗa, wanda ya faɗa kuma a sallame shi. A Nuwamban 1993 majalisa ta mayar da haramcin doka, ta yadda ita kaɗai ke da ikon sokewa. A ƙarƙashin tsarin an sallami sojoji fiye da 13,000.

A watan Mayun 2010 majalisar wakilai ta amince da sokewa a cikin ƙudurin kasafin tsaro. A majalisar dattawa kuwa sai an samu ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara, kuma 'yan Rifablikan ƙarƙashin John McCain sun hana a kai wannan adadi. An samu 56 a watan Satumba, 57 a ranar 9 ga Disamba. Sai da aka ware batun a ƙuduri na daban sannan ya wuce ranar 18 ga Disamba da ƙuri'a 65 da 31, takwas daga cikinsu na 'yan Rifablikan. Barack Obama ya sa hannu ranar 22 ga Disamba, 2010, haramcin ya ƙare ranar 20 ga Satumba, 2011.