Alhaji Mamman Shata Katsina: Rayuwarsa da Gadon da Ya Bari

An haifi Alhaji Muhammadu Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a wajajen 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a ganinsa kiɗa roƙo ne. Shata ya yi karatun allo, ya kuma taɓa tallar goro da alewa, kafin waƙoƙin da yake yi a dandali su rinjaye shi. Ya zauna a Bakori, daga bisani ya tare a Funtuwa, inda ya shafe mafi yawan rayuwarsa.

A rabe-raben manazarta, Shata makaɗin jama'a ne. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi suna da ubangida tsayayye, shi kuwa bai ɗaure kansa ga fada ɗaya ba. Kalangu, wanda aka fi sani da kiɗan mahauta, shi ya ɗaukaka har ya shiga fadar sarakuna da gidajen rediyo. Da shi ya waƙe sarakuna da attajirai da direbobi da mata, ya faɗakar a kan noma, ya ƙarfafa wa sojoji gwiwa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A Bakandamiyarsa kuwa kansa ya wasa.

Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura, garin babban ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Har yau muryarsa na tashi a tashoshin mota da kasuwannin ƙasar Gumel, irin ta Maigatari. Sai dai Shata ba ya rubuta waƙa. Nan take yake ƙirƙirarta, kuma yakan sauya ɗiyanta a kowace rerawa. Saboda haka kowane tsohon faifai ko kaset matani ne mai zaman kansa, wanda in ya lalace ba shi da madadi. Tattara waɗannan rere-rere da tantance lokacinsu nauyi ne da ke wuyan sassan nazarin Hausa, tun makaɗansa da 'yan amshinsa da suka rage ba su ƙare ba.