Likita Mila na Zariya da Labarin Gicciye Cikin Harshen Hausa

An haifi Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka fi sani da Likita Mila, a ƙasar Ingila cikin shekarar 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS domin aikin bishara a ƙasar Hausa. Kafin ya tako ƙasarmu sai da ya fara zuwa Tarabulus ta ƙasar Libiya, inda fatake da mahajjata Hausawa suke yada zango. A bakinsu ya koyi Hausa, shi ya sa harshensa ya fita daban da na sauran Turawan zamaninsa.

A shekarar 1900 ya taso daga Ikko tare da Bishop Tugwell da waɗansu mutum uku, suka nufi Kano. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci, amma Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya umarta su fita daga birninsa. Suka komo Girku, a kudancin Zariya, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A wannan gari ne kuma Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari ukun da suka fara aikin SIM, ya rasu a 1894. Ga idon mutum, tafiyar ta tashi a banza. Mila ya koma gida ba lafiya, amma ya sake dawowa, kuma a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Magani bai zama abin gardama ba, karatun boko ma da sannu aka saba da shi. Abin da ya tsaya wa mutane a maƙogwaro shi ne gicciye. Maƙwabtansa Musulmi suna girmama Annabi Isa ƙwarai, sun yarda da haihuwarsa ta wurin budurwa, sun yarda da al'ajibansa, amma koyarwarsu ita ce ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba. Bangaskiyar Kirista kuwa a kan wannan mutuwa take tsaye: Almasihu, marar zunubi, ya ɗauki hukuncin da ya cancanci masu zunubi, ya mutu a madadinsu, ya tashi a rana ta uku. In aka cire wannan, ba sauran bishara. Saboda haka Mila ba shi da hanyar kauce wa maganar, ko da ta rage masa masu sauraro. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi baftisma a birnin ba su taka kara sun karya ba.

Sai dai harshen Hausa kansa yana da kalmar da ta buɗe ƙofa, wato fansa. Mu a yau muna furta ta a cikin sujada ba tare da mun ji nauyinta ba, amma mutanen Zazzau na wancan lokaci da idonsu suka san ta. Bauta ba ta gushe ba tukuna. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa daga wannan shekara ne kawai, ba a kawar da bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wanda aka kama masa ɗa ko ƙane yakan tara wuri, ya bi sawu har garin da aka kai shi, ya biya, ya komo da shi gida. Bawan da ba shi da kowa kuwa yakan roƙi ubangijinsa ya bar shi ya yi murgu, yana aiki yana biya, har ya tara abin fansar kansa. To, mai sauraro irin wannan, in ya ji a cikin Markus 10:45 cewa Ɗan Mutum ya ba da ransa domin ya fanshi mutane da yawa, ba ya bukatar dogon bayani. Abin da zai ba shi mamaki shi ne bambancin: bawan zunubi ba shi da murgun da zai ishe shi, kuma mai fansar bai kawo wuri ko azurfa ba, jininsa ya bayar, kamar yadda Bitrus ya koyar a wasiƙarsa ta fari.

A 1913 wani abu ya faru da ya ƙarfafa zuciyarsa. Waɗansu mutane da ake kira Isawa suka aiko wurinsa. Su almajiran Malam Ibrahim ne, malamin Kano wanda bincikensa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda hukuma za ta jure, har aka kashe shi a Kano a zamanin Sarki Abdullahi. Mabiyansa suka watsu wajen Ningi da ƙauyukan Zazzau suna jiran dawowar Isa. Da suka ji labarin mutuwarsa da tashinsa, waɗansu suka ba da gaskiya, waɗansu kuma suka tsaya a kan hanyarsu ta dā. Masu bin suka kafa ƙauyen Kirista a Gimi. Murnar ba ta daɗe ba, domin ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya faɗa wa garin, ya kashe da yawa, ragowar suka tashi. Marayunsu ne suka cika makarantar Mila, kuma daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Likita R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, shi ma a hannun wannan mishan ya tashi.

Kada mu mai da shi mala'ika. Mila mutum ne mai kaifin harshe, ba ya iya ganin abin da ya ɗauka zalunci ne ya yi shiru, kuma ba kullum yake auna maganarsa ba. Ya yi ta karo da jami'an mulkin mallaka, waɗanda ba sa son bishara ta shiga biranen sarakuna. Ƙararrakin da ya kai a kan Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi suna cikin abin da ya jawo aka tuɓe sarkin aka kai shi Lakwaja, abin da har yanzu waɗansu Zazzagawa ba su manta ba. A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, ba da son ransa ba.

Babban aikinsa dai a kan tebur ya yi shi. Kafin zamaninsa, Bajamushe J. F. Schön ya juya sassan Littafi Mai Tsarki da taimakon Dorugu, yaron da aka 'yanto daga bauta. Mila ya shafe shekaru masu yawa yana wannan aiki, tare da Hausawa masu bi da ma'aikatan SIM da SUM, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Abin lura shi ne, yawancin waɗanda suka ci moriyar littafin ba Hausawan birni ba ne da ya zo dominsu. Mutanen Filato, da kudancin Kaduna, da Adamawa, da Gbagyi na yankin da ya zama Abuja, su ne suka rungume shi, har Hausa ta zama harshen sujada tun daga ƙauyukan Gwoza zuwa majami'un Kuchigoro.

Bayan ya bar aikin CMS ya zauna a Kano, birnin da aka kore shi a ƙuruciyarsa, yana koyarwa yana rubutu. Daga baya ya koma Filato. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952, yana da shekara 80.