Labarin Beda, Malamin Jarrow

Ya kai mai karatu, sa'ad da ka rubuta wasiƙa ka sa shekara a kanta, kana lissafi ne daga haihuwar Ubangijinmu Yesu Almasihu. Wani malami a Roma, sunansa Diyonisiyus, shi ya fito da wannan lissafi a shekara ta 525, amma mutane ba su kula da shi ƙwarai ba, sai da wani malami a arewacin Ingila ya ɗauke shi ya jera labarin ƙasarsa a kansa, daga nan ya bazu. Sunan malamin nan Beda. Labarinsa nake so in ba ka, domin ka ga yadda mai bi yake riƙe harshensa da alƙalaminsa sa'ad da yake ba da labarin waɗansu mutane.

An haife shi wajen shekara ta 673 a ƙasar Nortumbriya, a lokacin da Ingila take rarrabe a hannun sarakuna da yawa. Bishara ba ta daɗe da shiga wurinsu ba. Kakanninsa masu bautar gumaka ne. Da ya kai shekara 7, sai danginsa suka kai shi gidan ibada na Wearmouth, suka danƙa shi a hannun uban gidan, Benedik Biskop, kamar yadda akan kai yaro gaban malami. Gidan ibada kuwa wuri ne inda mutane suke keɓe kansu, ba su aure, ba su da abin kansu, suna addu'a tare, suna noma, suna karatu, suna kiran junansu 'yan'uwa. Benedik ɗan manya ne wanda ya bar hidimar sarki. Ya yi ta tafiya Roma yana dawowa da littattafai, ya ɗauko magina da masu aikin gilashi daga ƙasar da ake kira Faransa yanzu, har ya kawo babban mawaƙin ikilisiyar Bitrus ta Roma domin ya koya wa 'yan'uwa waƙar sujada. Da aka buɗe gida na biyu a Jarrow, ƙarƙashin Ceolfrith, can Beda ya zauna.

Wajen shekara ta 686 annoba ta faɗa wa Jarrow. Wani tsohon littafi ya ce duk waɗanda suka iya karatu da waƙar sujada suka mutu, sai Ceolfrith da wani yaro ƙarami. Su biyu suka riƙe sujada, suna amsa wa juna Zabura, har aka koya wa waɗansu. Littafin bai faɗi sunan yaron ba. Masana da yawa suna tsammani Beda ne, gama shekarunsa sun yi daidai.

Aka naɗa shi dikon yana da shekara 19, firist kuma yana da 30. Daga nan labarin ransa gajere ne ga wanda yake neman yaƙi ko sarauta. Bai zama bishop ba, bai zama uban gida ba, ko Roma bai taɓa zuwa ba. Cikin tafiye-tafiyensa da aka tabbatar akwai Lindisfarne da Yok, dukansu a ƙasarsu. Ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana tashi sujada da dare, yana koyar da yara, yana rubutu. Rubutu a zamanin nan ba wasa ba ne. Babu takarda, sai fatar maraƙi da aka jeme aka kankare, alƙalamin kuwa gashin tsuntsu ne, ga sanyin ƙasar da yake daskarar da yatsu. A gidan nan ne Ceolfrith ya sa aka rubuta Littafi Mai Tsarki cikakke har guda uku da harshen Latin. Ɗaya yana nan har yau a birnin Firenze ta Italiya, warƙarsa ta fi dubu, nauyinsa ya fi kilo 30, ƙato ɗaya da ƙyar yake ɗaga shi. A shekara ta 716 Ceolfrith ya ɗauki wannan littafi zai kai wa Paparoma, ya mutu a hanya, a garin Langres. Rabuwa da shi ta yi wa Beda zafi, har ya ajiye bayanin Littafin Sama'ila da yake yi, sai bayan kwanaki ya koma kansa.

Yawancin littattafansa bayanin Maganar Allah ne. Ya kuma rubuta a kan lissafin zamani: ya koyar cewa duniya a dunƙule take kamar ƙwallo, ya nuna yadda cikar teku da janyewarsa suke bin wata. Wannan lissafi ya jawo masa tsiya. Malaman dā sun ƙidaya fiye da shekara 5000 daga halitta zuwa haihuwar Almasihu. Beda ya bi fassarar Jerom, wadda aka yi daga Ibrananci, ya ƙidaya da kansa, ya sami 3952. A shekara ta 708, a wurin wani cin abinci gaban Bishop Wilfrid, waɗansu suka tsegunta shi suka ce mai karkatacciyar koyarwa ne, bishop kuwa bai kwaɓe su ba. Da labari ya iso Jarrow, ran Beda ya ɓaci ƙwarai. Ya rubuta wasiƙa, ya jera hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, ya roƙa a karanta ta a gaban bishop. A shekara ta 725, cikin babban littafinsa na lissafin zamani, ya sake kawo adadin nan bai canja shi ba. Yau ba a dogara ga ko ɗaya cikin lissafin nan biyu. Amma mutumin ya ɗanɗana yadda maganar da ba a bincika ba take ɓata suna, ina kuwa tsammani bai manta ba.

Yanzu ka lura da yadda ya rubuta labarin tsarkaka. 'Yan'uwan Lindisfarne suka roƙe shi ya rubuta labarin Cuthbert, bishop ɗinsu wanda ya rasu a 687, mutumin da ya yi shekaru shi kaɗai a wani ɗan tsibiri yana addu'a. Labaran al'ajibi a kansa sun cika bakin mutane. Beda ya nemi waɗanda suka zauna da shi, ya tambaye su. Ya nuna abin da ya rubuta ga Herefrith, firist ɗin da ya yi jiyyar Cuthbert a ciwon ajalinsa, ya gyara abin da aka ce ya gyara. Sa'an nan aka karanta littafin a gaban dattawan gidan kwana biyu, kafin a yarda a kwafe shi.

Haka ya yi da babban aikinsa, Tarihin Ikilisiyar Mutanen Ingila, wanda ya gama a shekara ta 731, littafi biyar, yana da shekara 59. Tun a gabatarwa ya faɗi inda ya samo kowane kashi. Labarin Kantabari daga Albinus ne, uban gidan ibada na can. Nothhelm, firist na Landan, ya tafi Roma, aka ba shi izini ya bincika ma'ajin takardun Paparoma, ya kwafo wasiƙun Giregori Babba, wanda ya aiko Agustin da abokansa su yi wa'azi a Ingila, suka iso a 597. Beda ya sa wasiƙun a cikin littafinsa yadda suke. Labarin waɗansu larduna daga Bishop Daniyel ne da 'yan'uwan Lastingham. Sau da yawa yakan ce wane ne ya gaya masa, shi kuma daga wane ya ji. Inda jita-jita ce kawai yakan nuna haka. Wanda ya zauna gaban malamai ya san darajar magana mai sanadi. Da yawa kuwa cikinmu, in an tambaye mu wa ya faɗa, amsarmu ita ce an ce.

Ba a ɗora maka ka karɓi kowane al'ajibi da yake cikin littattafan nan kamar Maganar Allah ba. Beda ɗan zamaninsa ne, ya gaskata abubuwa da yawa waɗanda masu binciken tarihi na yau suke auna su da hankali. Amma da yake ya bar musu sunayen shaidunsa da shekarunsa, shi da kansa ya ba su mudun da suke auna shi da shi.

Inda halinsa ya fi bayyana shi ne labarin Aidan. A zamanin nan akwai gardama mai zafi a kan ranar Idin Tashin Almasihu. Masu bishara da suka zo daga tsibirin Iona suna da lissafinsu, na Roma suna da nasu, har ya zama a fadar Sarki Oswiu sarki yana bikin Idi, matarsa tana cikin azumi tukuna. An yanke maganar a taron Whitby a 664, aka bi Roma. Beda yana bayan Roma da zuciya ɗaya, lissafi kuwa sana'arsa ce, ba ya sassauci a kansa. Aidan mutumin Iona ne, ya zo Nortumbriya a 635, ya mutu a 651 yana riƙe da lissafin da Beda yake gani kuskure ne. Duk da haka ba wanda Beda ya rubuta labarinsa da ƙauna kamarsa. Ya faɗi yadda yake yawo ƙauye ƙauye da ƙafa, yana tsayawa ya yi magana da duk wanda ya gamu da shi, mai arziki ko matalauci. Yadda Sarki Oswald da kansa ya zama tafintansa tun bai iya harshen ƙasar ba. Yadda kuɗin da manya suka ba shi yakan fanshi bayi da su, waɗansunsu ya koyar da su har suka zama firistoci. Yadda Sarki Oswine ya ba shi doki mai kyau, ya gamu da mai bara, ya sauka ya ba shi dokin da kayansa duka. Bayan wannan Beda ya faɗa a sarari cewa a maganar Idi bai yarda da shi ba. Bai rage yabon domin saɓanin ba, bai kuma ɓoye saɓanin domin yabon ba. Kai da ka shigo bangaskiya kwanan nan, kana da dangi da abokai da kuka rabu a hanya, za a kuwa tambaye ka labarinsu.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba, gama shi ma bai koya mana haka ba. Ga Biritaniyawa, mutanen da suka riga kakanninsa zama a ƙasar, suka kuma riga su karɓar bangaskiya, bai yi adalci irin wannan ba. Ya riƙe su da laifi domin ba su yi wa Ingilishi wa'azi ba, bai kuwa auna ƙwarai cewa Ingilishin nan su ne suka ƙwace musu ƙasa ba. Har kisan da wani sarki mai bautar gumaka ya yi wa ɗaruruwan masu ibadarsu a yaƙin Chester, ya rubuta shi kamar hukuncin Allah ne. A nan son kabila ya rinjayi malamin.

Da tsufa ya zo, ya juya ga laifin gidansu. A watan Nuwamba na 734 ya rubuta wa Egbert, bishop na Yok, wanda almajirinsa ne. Ya ce akwai ƙauyuka a cikin duwatsu da suka yi shekaru ba su ga bishop ba, amma ba wanda aka ɗauke wa biyan abin da ake biyan bishop. Ya ce waɗansu manya suna sayen ƙasa da sunan gidan ibada domin su kuɓuta daga hidimar sarki, suna zaune a ciki da iyalinsu suna yin yadda suka ga dama. Ya roƙa a koya wa talakawa Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya da harshensu, ya kuma ce shi kansa ya juya su da Ingilishi ya ba firistoci da yawa waɗanda ba su san Latin ba.

Kafin Idin Tashi na shekara ta 735 numfashinsa ya fara yi masa wuya. Wani almajirinsa da yake wurin ya rubuta yadda kwanakin suka wuce. Bai bar koyarwa ba. Yana juya Bisharar Yahaya da harshen mutanensa, yana faɗa, yara suna rubutawa. Ranar Talata kafin Idin Hawan Ubangiji zuwa sama ƙafafunsa suka kumbura, ya ce su yi hanzari. Ranar Laraba da la'asar ya sa aka kira firistocin gidan, aka kawo ɗan akwatinsa, ya raba musu abin da yake ciki: masoro kaɗan, da 'yan adiko, da turare. Ya roƙe su su riƙa tunawa da shi cikin addu'a, suka yi kuka. Da magariba yaron da yake rubutu, sunansa Wilberht, ya ce saura magana ɗaya. Beda ya faɗe ta, yaron ya rubuta. Sa'an nan ya sa aka tallafe kansa, yana zaune a daɓen ɗakinsa, yana fuskantar wurin da ya saba addu'a, ya raira yabo ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya cika. A wurinsu, kamar a wurin iyayenmu, dare na ranar da take zuwa ne, saboda haka aka rubuta rasuwarsa a ranar Idin, 26 ga Mayu.

Fassarar Yahaya da ya ƙare ransa a kanta ta ɓace, ko warƙa ɗaya ba ta iso mu ba. Tarihin kuwa aka yi ta kwafarsa, masu bishara a Jamus suna aiko wasiƙa suna roƙon littattafansa, har yau akwai kwafinsa na hannu fiye da 150. An binne shi a Jarrow; wajen shekara 300 bayan haka aka ɗauke ƙasusuwansa zuwa Durham, inda aka ajiye Cuthbert, kabarinsa yana can cikin babbar majami'ar garin.