Sarki Husaini na Jodan: Basaraken da masu rediyo suka sani da JY1

A ranar 7 ga watan Fabrairun 1999 ne Allah Ya yi wa Sarki Husaini bin Talal na ƙasar Jodan rasuwa a birnin Amman, yana da shekaru 63, bayan ya shafe shekaru 46 a kan gadon sarauta. Washegari shugabannin ƙasashe suka yi dafifi wajen jana'izarsa, ciki har da waɗanda ba sa ga maciji da juna, irin su Hafiz al-Assad na Siriya da Benjamin Netanyahu na Isra'ila.

Akwai kuma wasu dubban masu makoki da ba a nuna su a talabijin ba. Malaman makaranta ne, da manoma, da kanikawa, da ɗalibai, a Turai da Amurka da Asiya da Afirka, waɗanda suka taɓa hira da shi baki da baki daga cikin ɗakunansu. Su ba da Mai Martaba suke kiransa ba. Sun san shi ne da sunan yanka, Husaini, da kuma lambar kiransa ta rediyo, JY1.

Tashinsa

An haifi Husaini a Amman ranar 14 ga watan Nuwamban 1935, a gidan sarautar Hashimawa, wanda ke danganta nasabarsa ga Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya yi karatu a Kwalejin Victoria da ke Iskandariyya a Masar, daga bisani ya wuce makarantar Harrow da kwalejin soji ta Sandhurst a Ingila.

Yana ɗan shekara 15, ranar 20 ga watan Yulin 1951, ya raka kakansa Sarki Abdullahi na Ɗaya sallar Juma'a a Masallacin Al-Aksa da ke birnin Ƙudus, inda wani ɗan bindiga ya harbe kakan a gaban idonsa. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, wata lambar yabo da ke maƙale a ƙirjin rigarsa ce ta kautar da harsashin da ya nufo shi. Mahaifinsa Talal ya gaji sarautar, amma rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ta sa majalisa ta sauke shi a watan Agustan 1952, aka naɗa Husaini. Bai karɓi cikakken iko ba sai ranar 2 ga watan Mayun 1953, da ya cika shekara 18 bisa lissafin Hijira.

Shekarunsa na farko ba su zo da sauƙi ba. A 1956 ya sallami Glubb Pasha, Baturen Ingilan da ke shugabantar rundunar sojin ƙasar. A watan Yulin 1958 aka hallaka ɗan'uwansa Sarki Faisal na Biyu a juyin mulkin Bagadaza, kuma kafin shekarar ta ƙare jiragen yaƙin Siriya suka fafari jirgin da yake ciki. A yaƙin watan Yunin 1967 Jodan ta rasa Gaɓar Yamma da gabashin birnin Ƙudus, da masallacin da aka kashe kakansa a cikinsa. Mutumin da ya tashi cikin wannan hali ba ya rasa masu gadi, abin da yake rasawa shi ne wanda zai yi masa magana ba tare da fadanci ko wata buƙata ba.

Rediyon masu sha'awa

A ƙasar Hausa an san ƙungiyoyin masu sauraron rediyo, waɗanda ke aika wasiƙu da gaisuwa ga tashoshi. Rediyon masu sha'awa wani abu ne daban. A nan mutum ba sauraro kawai yake yi ba, shi ma yana da ƙaramar tashar da yake aika murya da ita. Sai ya ci jarrabawa kan ilimin lantarki da dokokin sadarwa kafin hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, wadda farkonta ke nuna ƙasarsa: 5N na Nijeriya ne, 5U na Nijar, JY kuma na Jodan. A al'ada wasu haruffa kan biyo bayan adadin, amma ta Sarki Husaini ta tsaya a JY1 kawai, abin da ya sa ta zama ɗaya daga cikin mafi gajarta a duniya.

Kayan aikin ba su da yawa: akwatin da ya haɗa na'urar aikawa da ta karɓa, da makirufo ko maɓallin buga saƙon Mos irin na zamanin tangaraho, sai eriya. Masana harkar kan ce eriya ita ce rabin tasha. Mafi sauƙinta waya ce da ake miƙewa tsakanin itatuwa biyu, tsawonta rabin zangon da ake son aiki a kai, wato kimanin mita 10 ga mai son zangon mita 20. Mai hali kuwa yakan kafa hasumiya ya ɗora eriyar Yagi, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a Japan a 1926. Siffarta ɗaya da eriyar talabijin da aka saba gani a kan rufin gidaje, sai dai ta fi ta girma nesa ba kusa ba, kuma ana juya ta da inji ta fuskanci nahiyar da ake nema.

Duk wanda ya taɓa zama da rediyonsa a ƙofar gida a Birnin Kudu ko Gwaram bayan sallar isha, ya ji tashar da ke shashsheka da rana ta fito tangaram da dare, ya riga ya san sirrin gajeren zango ko da bai san sunansa ba. A can sama akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa, wanda ke karyo sautin ya maido shi ƙasa a wuri mai nisa. Tsalle guda na iya kai kusan kilomita 4,000, ke nan idan yanayi ya yi kyau muryar da ta tashi daga Amman za ta iya sauka a kudancin Jigawa, tazarar da ta haura kilomita 3,000, ba tare da waya ko tauraron ɗan'adam ba.

Abin da ya fi kayan muhimmanci ga tarihin Husaini shi ne ladabin harkar. Doka ta hana kasuwanci a waɗannan zanguna, al'ada kuma ta hana siyasa da musun addini. Ba a ambatar muƙami, kowa da sunan yankansa ake kiransa. Ana magana ne kan ƙarfin sauti, da irin eriya, da yanayin gari, sannan a yi musayar katin QSL ta gidan waya domin shaidar an zanta.

Murya daga fada

Zuwa shekarar 1970 an fara jin JY1 a gajeren zango. A lokacin Jodan na cikin ƙasashen da ke da wuyar samu, ga shi kuma masu rediyo na tseren tara ƙasashe 100 domin samun shahadar DXCC ta ƙungiyar ARRL ta Amurka. Saboda haka da zarar ya buɗe baki sai ɗaruruwan tashoshi su yi ca a kansa, kowa na kira a lokaci guda.

Wayne Green, Ba'amurken da ke buga mujallar 73, ya ziyarci Amman a wannan shekara. Kamar yadda ya sha faɗi a rubuce-rubucensa, ya yi kusan mako biyu yana aiki da tashar fada, ya kuma ba sarkin shawarar ya shigar da harkar cikin makarantu, domin ƙasar da ba ta da man fetur ba ta da jarin da ya wuce matasa masu ilimin fasaha. Shawarar ta samu shiga. An buɗe ƙungiyoyin rediyo ga matasa a garuruwan ƙasar, aka kuma kafa Ƙungiyar Masu Sha'awar Rediyo ta Masarautar Jodan, mai tasha da lambar JY6ZZ a Amman. Wannan mataki ba ƙarami ba ne idan aka tuna cewa gwamnatoci da yawa a yankin, har ma da Afirka, kallon ɗan leƙen asiri suke yi wa duk farar hular da ya mallaki na'urar aika saƙo.

A watan Satumban 1970 ne kuma ƙasar ta faɗa cikin yaƙin basasa. Bayan da mayaƙan Falasɗinawa suka karkatar da jiragen fasinja zuwa wani tsohon filin jirgi kusa da Zarƙa, sarkin ya umarci sojojinsa su far wa sansanonin ƙungiyar PLO, tankokin Siriya kuma suka tsallako iyaka daga arewa. Layukan tarho sun katse, 'yan jarida sun maƙale a otal. A cikin wannan hali wani matashi mai sha'awar rediyo a yankin Landan ya samu zantawa da JY1 daga gidansu, labarin da jaridun Biritaniya suka ɗauka, domin ya tabbatar wa duniya cewa sarkin na nan da ransa a fadarsa.

Bai kamata daɗin wannan labari ya rufe abin da ke faruwa a wajen fadar ba. Dubban mutane ne suka mutu, akasarinsu Falasɗinawa, kuma har yau ana saɓani kan adadinsu. Zuwa watan Yulin 1971 an fatattaki mayaƙan PLO zuwa Labanon. Mutumin da baƙi ke yabon tawali'unsa a rediyo shi ne dai wanda Falasɗinawa da dama ba su taɓa yafe wa Baƙin Satumba ba.

Hira da ɗan sama jannati

A ƙarshen watan Nuwamban 1983 kumbon Columbia na Amurka ya tashi da Owen Garriott, mai lambar W5LFL, wanda ya zama mutum na farko da ya yi amfani da rediyon masu sha'awa daga sararin samaniya. 'Yar ƙaramar na'urar hannu ya ɗauka, mai aiki a zangon mita 2, da eriyar da aka manna a tagar kumbon. Cikin waɗanda ya zanta da su a farkon Disamba har da Sarki Husaini da Sanata Barry Goldwater na Amurka.

Wannan zango ba ya tsalle kamar gajeren zango, a miƙe yake tafiya kamar haske. Irin wannan na'ura da ƙyar ta haɗa Birnin Kudu da Gwaram idan babu hasumiya, saboda duwatsu da lanƙwasar doron ƙasa. Amma tsakanin kumbon da ke sama da kilomita 200 a sama da tashar Amman babu abin da ya gitta, sai dai mintuna ƙalilan ne kawai ake da su kafin ya ɓace a bayan gari.

Husaini ba shi kaɗai ne mai mulkin da ya riƙe lasisi ba. Rajiv Gandhi na Indiya yana da VU2RG, Sarki Bhumibol na Tailan kuma HS1A. Sai dai da wuya a samu wanda masu harkar suka ɗauka nasu kamar shi, saboda shi yakan zauna gaban makirufo da kansa, ya jure hayaniyar masu kira, ya aika kati.

Sulhu da jinya

A fagen siyasa ma an san shi da son magana kai tsaye da kowa, halin da ya jawo masa yabo da zargi. Ya shafe shekaru yana ganawar sirri da shugabannin Isra'ila tun kafin a yi sulhu. A 1988 ya janye iƙirarin Jodan kan Gaɓar Yamma. A rikicin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991 ya ƙi shiga ƙawancen da ya yaƙi Iraƙi, abin da ya ɓata tsakaninsa da Amurka da Saudiyya na wani lokaci. Ranar 26 ga watan Oktoban 1994 Jodan ta sanya hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da Isra'ila a Wadi Araba, matakin da jama'ar ƙasarsa da dama ba su yi na'am da shi ba.

Ko a nan rediyo bai tsaya a baya ba. A watan Yulin 1995 masu sha'awar rediyo na Jodan da na Isra'ila sun kafa tashar haɗin gwiwa a kan Dutsen Nebo, kuma sarkin ya je ya yi aiki da ita tare da su. Wannan bai hana shi nuna fushi ba a 1997, lokacin da jami'an leƙen asirin Isra'ila suka sa wa Khalid Mash'al na ƙungiyar Hamas guba a Amman. Ya tilasta wa gwamnatin Netanyahu ta kawo makarin gubar, ta kuma saki Shaikh Ahmad Yasin daga kurkuku.

A 1998 aka gano yana fama da cutar daji, ya tafi jinya asibitin Mayo a Amurka. Daga gadon jinya ya halarci tattaunawar Wye River tsakanin Falasɗinawa da Isra'ila a watan Oktoba. A watan Janairun 1999 ya dawo gida na 'yan kwanaki, ya sauke ƙanensa Hassan daga matsayin yarima mai jiran gado, wanda ya riƙe tun 1965, ya naɗa babban ɗansa Abdullahi. Makonni biyu bayan haka ya cika.

A watan Disamban 2018 aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Jodan daga sansanin Vandenberg a jihar Kalifoniya. Ɗan ƙaramin akwati ne mai faɗin santimita 10 ta kowane ɓangare, ɗaliban jami'o'in ƙasar suka yi aikinsa da tallafin gidauniyar jikansa, Yarima Husaini bin Abdullahi. An ɗora masa na'urar da masu sha'awar rediyo za su riƙa tura saƙo ta cikinta, da hotunan wuraren tarihi na ƙasar, aka kuma raɗa masa suna JY1-SAT.