Titus, Kaisar na Roma, da Ƙofar Nasararsa

Kada mai karatu ya gama wannan Titus da abokin aikin Manzo Bulus. Sunansu ɗaya, amma wannan jarumin Romawa ne.

An haife shi a birnin Roma a shekara ta 39 bayan haihuwar Almasihu. Ubansa Fasfasiyan sarkin yaƙi ne. Sa'ad da Yahudawa suka tayar wa Romawa a shekara ta 66, Kaisar Nero ya aiki Fasfasiyan ya kwantar da tawayen, Titus kuwa ya bi ubansa yana jan runduna guda. A shekara ta 69 sarautar Roma ta faɗa hannun Fasfasiyan, sai ya bar wa ɗansa sauran yaƙin.

Gab da Idin Ƙetarewa na shekara ta 70 Titus ya kewaye Urushalima, birnin kuwa cike yake da baƙi masu zuwa idi. Wajen wata biyar ana fama, yunwa ta kashe mutane ba iyaka. A ƙarshe aka ƙone Haikali, aka rushe birnin, kamar yadda Ubangiji Yesu ya riga ya faɗa sa'ad da ya yi kuka a kansa, cikin Luka sura 19.

A shekara ta 71 Titus da ubansa suka yi hawan nasara a Roma, bayi da ganima suna gaba. Ya hau gadon sarauta a shekara ta 79, amma bai ji daɗinta ba. A wannan shekara dutsen Besubiyus ya yi aman wuta, ya binne garin Fomfe. Da shekara ta kewayo gobara ta ci Roma, annoba kuma ta biyo. Ya taimaki talakawa da dukiyarsa, har suka ƙaunace shi. Zazzaɓi ya ɗauke shi a shekara ta 81, yana da shekara 41.

Ƙanensa Domitiyan ya gina masa ƙofar tunawa. Ba kamar ƙofofin Kano take ba, waɗanda aka yi a jikin ganuwa domin tsaro. Ita kaɗai take tsaye a kan hanya, da bakan gizo ɗaya, tsayinta wajen mita 15. A cikinta an sassaƙa sojoji ɗauke da alkuki mai fitila bakwai, da teburin keɓaɓɓiyar gurasa, da kakaki. Daga baya wani babban gida na Roma ya haɗa ta cikin kagararsa, sai a shekara ta 1821 aka gyara ta.

Ga abin lura. An gina ƙofar domin girman Titus, amma mulkin Romawa ya shuɗe, har wa yau kuwa mutane suna zuwa su duba kayan Haikali a jikinta. A shekara ta 1949 ƙasar Isra'ila ta ɗauki siffar alkukin nan ta sa a tambarinta. Dutsen da mai nasara ya kafa ya zama shaidar waɗanda aka ci da yaƙi. Wane irin abin tunawa ne mu muke ginawa?