Dorugu, yaron Damagaram da ya kai tatsuniya Ingila

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance, yamma da Damagaram. Yana ɗan yaro mahara suka kama shi, aka bi da shi ta Damagaram har Kukawa, babban birnin Barno, yana bawa. Can ne wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Dorugu ya koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Tare suka ratsa Katsina da Sakkwato da Sayi har Tumbutu, suka komo, suka ƙetare Sahara. A 1855 suka sauka Landan.

A Ingila wani malamin mishan, Schön, mai nazarin Hausa, ya riƙe shi a gidansa. Dorugu na faɗa, Schön na rubutawa: labarin rayuwarsa, da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyin da ya ji kafin a raba shi da iyayensa. Daga nan aka samu babban kaso na littafin Magana Hausa, wanda ya fito a 1885. Tatsuniyoyin nan suna cikin na farko da aka rubuta da haruffan boko.

Abin lura shi ne shekarunsa. Lokacin da yake ba da su bai wuce sa'an ɗaliban lise Amadu Kuran Daga na yanzu ba, kuma ya yi shekaru rabonsa da dandali. Abin da ya zauna masa shi ne ƙashin labari: wa ya yi kwaɗayi, wa ya yi dabara, me ya biyo baya. Shi ya sa tatsuniyoyinsa gajeru ne, ba ado da yawa. Malamin da ke fama da koya wa ɗalibai fitar da jigo zai ji daɗinsu. In ya sa ɗalibi ya ɗauko irin tatsuniyar daga bakin kakarsa, aka gwama ta da ta Dorugu, abin da bai sāke ba tsakanin biyun shi ne jigon.

Dorugu ya komo ƙasar Hausa a 1864. Da tsufansa ya koyar da boko a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Can ya rasu a 1912.