George Da Costa, Manajan Kantin Littattafan Da Ya Bi Layin Dogo Da Kyamara

A shekarar 1895 George S. A. Da Costa ya ajiye makullan kantin littattafai na mishan ɗin CMS da ke Ikko, ya rungumi kyamara. Yana da shekara 42 a lokacin, kuma tun 1877 yake manajan kantin. Aiki ne mai albashi da mutunci, irin wanda mutum kan tsufa a kansa.

An haife shi a Ikko a 1853, cikin zuriyar da ake kira Aguda, wato bayin da suka sami 'yanci suka komo gida daga Birazil da sunayen Fotugis. Ya kashe fam 30 wajen koyon ɗaukar hoto, kuɗi masu kauri a wancan zamani, sannan ya buɗe shagonsa.

Kyamarar masu sana'a a lokacin akwati ce ta katako mai naɗewa, tsakiyarta fata ce mai tattarewa kamar zugazugin maƙera, ana kafa ta a kan ƙafafu uku. Mai hoto zai lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya hango mutum a kife a jikin gilashi, ya riƙa jan zugazugin gaba da baya har siffa ta fito tangaran. Daga nan sai ya zura faifan gilashi da aka shafe da magani mai kama haske. Faifai ɗaya, hoto ɗaya; in mutum ya motsa, an yi asara. Akwai kuma mai ido biyu, wadda ke ɗaukar tagwayen hotuna a lokaci guda, tazarar idanunta kusan daidai da ta idon ɗan Adam. In aka leƙa tagwayen ta wani madubi na musamman, sai su haɗe su zama ɗaya mai zurfi, kamar mutum zai taka ya shiga. Turawa matafiya sun ƙaunace ta, musamman bayan Jules Richard na Faransa ya fito da ƙarama ta ƙarfe mai suna Vérascope a 1893. Amma hoton da sai an leƙa ba ya shiga rahoto ko littafi. Gwamnati da attajirai babban hoto suke bukata, kuma nan ne kasuwar Da Costa take.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi aikin ɗaukar hotunan shimfiɗa layin dogo daga Ikko, ta Jebba, har Kaduna. Layin ya isa Ibadan a 1901, Jebba a 1909, kuma a 1912 aka haɗe shi da na Baro zuwa Kano a Minna. Kafin a gama gadar Jebba, a jirgin fito ake tsallakar da taragai kogin Kwara. A irin wannan hanya gilashi jaraba ne: ga nauyi a kan 'yan dako, ga saurin fashewa. Zafi na ɓata maganin da ke jikinsa, ƙurar hunturu na barin tabo, ruwan wanki kuma dole ya zama mai tsabta a dajin da na sha ma sai an nema.

Rahotannin aikin suna ɗauke da sunayen gwamnoni da injiniyoyi. Hotunan zamanin kuwa, da yawansu sunan wuri da shekara kawai aka rubuta a ƙasansu. Duk hadimin da ya taɓa kwana yana rubuta jawabin da wani zai sa wa hannu ya san wannan matsayi.

Sunan Da Costa ya tsira ne musamman saboda Allister Macmillan, wanda ya ɗauke shi aikin hotunan littafinsa, The Red Book of West Africa, da aka buga a Landan a 1920. Littafin kundin kamfanoni ne da fitattun mutane na Afirka ta Yamma, kuma a cikinsa Macmillan ya bayyana shi a matsayin wanda ya fi kowa ƙwarewa da suna cikin masu sana'ar hoto a Nijeriya. A shafukan nan ana ganin 'yan kasuwa da 'yan boko baƙar fata zaune cikin shigarsu ta alfarma, suna duban kyamara ido da ido, ba irin hotunan tsiraici da ƙauyanci da ake sayarwa a Turai da sunan Afirka ba.

Shagonsa yana lamba 18, titin Ricca, a tsibirin Ikko. Ya mutu a 1929, shekara guda kafin reshen layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru.